Tsohuwar Tekila: Kura da Shan Bugu, Ganga da Karɓar Yabo

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a manyan otal-otal da gidajen shaƙatawa na Amurka da Turai cikin shekaru talatin ɗin nan, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Sai ka ga mutum ya ci kwat ya zauna ya harɗe, an jera masa kofuna uku ko huɗu masu siririn wuya, kowanne da ɗan ruwa a gindinsa wanda bai fi cokali biyu ba. Ya ɗauki na farko ya ɗaga sama ya duba launi, ya juya shi a hankali yana kallon yadda ruwan ke gangarowa a jikin gilashi, ya kai hanci ya sunsuna, ya kawar da kai kamar mai tuna abin da ya manta, sa'an nan ya kurɓi ɗan kaɗan ya bar shi a kan harshe. Can sai ya gyara murya ya soma lacca: akwai banila a nan, akwai ƙamshin kwakwa, akwai ƙonannen sukari, akwai ɗan hayaƙi. Na kusa da shi su yi ta gyaɗa kai. Wannan shi ake kira ɗanɗanar tsohuwar tekila, watau barasar nan ta ƙasar Meziko wadda aka kwantar a gangar katako shekara guda ko fiye. Masu yi sun ɗauke shi ilmi ne mai zurfi, har da gasa da lambobin zinariya.

Na san mafi yawan masu karanta wannan mujalla ba su taɓa kai giya bakinsu ba, ba kuwa za su kai ba, ni kuma ban zo yi wa kowa talla ba. Abin da ya ja ni ga wannan kofi shi ne, da wuya ka sami wurin da ake ƙwace wa manomi yabonsa da rana tsaka kamar nan. Ɗalibin tattalin arziki, da mai koyon aikin gona, da ƙaramin ma'aikacin da gobe za a miƙa wa fayil a kan dokar sunayen kayayyaki, duk suna da abin kallo a ciki. Maganata guda ce. Ire-iren ƙamshin nan da malamin ɗanɗano ya lissafa, kusan dukkansu daga katako suka fito, katakon kuwa na aro ne. Shekarun da ake buga wa a jikin kwalba, ake kuma tsawwala kuɗi dominsu, shekarun ganga ne. Waɗanda suka fi su yawa da wahala, watau shekarun gona, ba wanda ke ambatonsu.

Bari mu fara daga gonar. Tekila sunan wani gari ne a jihar Halisko, yamma da birnin Gwadalahara, a gindin wani dutse da ya taɓa aman wuta. Ana yin barasar ne da tsiro guda, shuɗin agabe, wanda wani likita Bafaranshe mai nazarin tsirrai, Weber, ya yi wa rajista a littafin masana a 1902. In ka san kabar giwa, to ka ƙaddara ta yi girma har ta kai ƙirjin mutum ko ta wuce, ganyenta ya miƙe kamar takubba, kowanne da ƙaya a bakinsa. Wannan tsiro ba ya gaggawa. Daga ranar dashe zuwa ranar da ya nuna, sai manomi ya jira shekara shida, bakwai, har takwas, yana noma ciyawa, yana datse ganye, yana faɗa da ƙwari, bai karɓi ko anini daga gare shi ba. Duk tsawon lokacin nan tsiron tara zaƙi yake yi a cikin gindinsa, wanda in an sassare ganyen yake fitowa kamar ƙatuwar abarba, shi ya sa ma da sunan abarba suke kiransa da harshensu. Ɗaya tana iya kai kilo 30 ko 50, wata ta fi haka. Ana bukatar wajen kilo 7 na wannan abarba kafin a sami lita guda ta tekila tsantsa.

Wanda ke sarar ta shi ake kira himador. Makaminsa wata doguwar sanda ce mai faffaɗan ƙarfe zagayayye a baki, kaifi kamar aska. Da ita yake tumɓuke tsiron, ya bi ganye ɗaya bayan ɗaya ya sassare, cikin 'yan mintoci ya bar fara ƙal ɗin abarba a ƙasa, ya wuce ta gaba. Tun da asuba yake fita don ya riga rana, kuma gwargwadon abin da ya sare ake biyansa. Amma kada mai karatu ya zaci aikin ƙarfi ne kawai. Himador shi ke duba tsiro ya gane ya nuna ko da saura, domin a gona guda ba duka ke nuna tare ba. Shi ke yanke shawarar iyakar inda zai aske ganyen, in ya bar kore da yawa barasar ta yi ɗaci, in ya aske ƙwarai nauyi ya ragu, kuɗinsa su ragu. Ashe ke nan ɗanɗanon da ake taƙama da shi a Niyok, wani mutum ne ya fara yanke hukuncinsa da ƙarfe shida na safe a kan jar ƙasar Arandas, ga shi kuwa hukuncin da ya fi wa mai sha kyau shi ne ya fi rage masa lada. Sana'a ce ta gado, uba ya koya wa ɗa. Hotonsa dai yana nan a jikin kwalabe da allunan talla, da malfarsa da takalman fata, amma hoto ba ya cika tukunya.

Daga gona sai tanderu. A tsohuwar hanya, ana faskara abarbar a jera ta a ɗakin bulo, a sakar mata tururi kwana ɗaya ko biyu, har ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ta yi zaƙi kamar gasasshen dankali da aka zuba wa zuma. Sai a niƙe ta, wasu gidajen har gobe da wani ƙaton dutse mai nauyin wajen tan biyu, wanda a dā alfadari ke ja yana zagaya rami. A matse ruwan, a bar shi ya tsima kwanaki kaɗan, a dafa shi a tukunyar tagulla ko ta ƙarfe a kama tururinsa, a sake maimaitawa. Abin da ya fito fari ne garau kamar ruwan sama, shi ake kira blanko. Masu sha da suka san abin da suke yi sun ce a nan ne ake jin gonar: dafaffen agabe, da yaji irin na masoro, da ɗan ƙamshin lemo. Sun ce ta tuddan Los Altos, wajen Arandas da Atotonilko inda ƙasa take ja, ta fi zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, ta kwarin Tekila da Amatitan kuwa ta fi yaji da ƙamshin ganye da ƙasa. Blanko ba ta da inda za ta ɓuya. In agaben ɗanye ne, za a ji. In an yi gaggawa a tanderu, za a ji.

To, a nan doka ta shigo da tsaninta. Bisa ƙa'idar gwamnatin Meziko, in tekila ta yi wata biyu a katakon ok, ta zama reposado, watau wadda ta huta. In ta yi shekara guda a gangar da ba ta wuce lita 600 ba, ta zama anyeho, watau tsohuwa. In ta yi shekara uku, ta zama ekstra anyeho, tsohuwar tsohuwa, wannan mataki kuwa sai a 2006 aka ƙirƙiro shi. Kowane mataki da farashinsa, kuma hawa yake yi. Yanzu ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Tsiro ya shekara bakwai a rana da ruwa yana tara zaƙi, an kira abin da ya bayar sabuwa. Ganga ta riƙe shi wata goma sha biyu a inuwar sito, an kira shi tsohuwa, an ninka kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Babu wata doka da ta tilasta a rubuta shekarun agabe a jikin kwalba, saboda haka wanda ya jira tsironsa shekara takwas da wanda ya sare nasa a shekara huɗu, takarda iri ɗaya suke mannawa.

Ita gangar kuma daga ina? Dokar Amurka ta ce wuskin da ake kira burbon tilas a kwantar da shi a sabuwar gangar ok wadda aka babbake cikinta. Saboda haka da zarar masana'antun Kentaki sun juye wuskinsu, gangar ta gama musu aiki, sai su sayar da ita kwance. Waɗannan gangunan kwance, masu cin wajen lita 200, su ne mafi yawan abin da ake kwantar da tekila a ciki. Wuta ta riga ta narkar da sinadaran katakon, barasa kuma tana shiga tana fita cikin ramukansa in zafi ya tashi ko sanyi ya sauka, tana ɗebo banila, da ƙamshin kwakwa, da launin zuma, da ragowar wuskin da ya kwana a ciki. A zafin Halisko abin ya fi sauri fiye da yadda yake a Sukotlan. Ga shekara guda agabe yana nan ana jinsa ƙarƙashin katako. Ga shekara uku ko biyar, a kwalabe da dama sai ka neme shi ka rasa, har masu sha da kansu sukan ce da a rufe musu ido da sun rantse wuski ne ko barandi. Kuma da wannan maganar yabo suke nufi! Ka ji fa. Babban yabon da za a yi wa barasar Meziko shi ne a ce ta daina kama da kanta.

Wannan ma'auni ba daga Halisko ya taso ba. Tun 1795 iyalan Cuervo suka karɓi lasisin yin wannan barasa daga sarkin Sifen, Sauza ya kafa tasa masana'anta a 1873, kuma shekara da shekaru tekila abin shan manoma ne da mahaya dawaki da 'yan juyin juya hali. Fina-finan Meziko na shekarun 1940, na su Jorge Negrete da Pedro Infante, da ita suka zana hoton namijin duniya. Mutanen ƙasar kurɓarta suke yi tun asali, fara ko wadda ta ɗan huta, a wani ɗan siririn kofi da suke kira ɗan doki, sau da yawa tare da wani ruwan lemo mai barkono. Amurkawa ne suka mai da ita abin kwankwaɗa da gishiri a wurin shagalin ɗalibai, kuma wadda aka fi kai musu gauraye ce: dokar farko ta 1949 ta ce agabe tsantsa, ta 1964 ta yarda a sa sukarin waje, zuwa 1970 har an amince da kashi 49 cikin 100, don a ƙosar da kasuwar arewa. Bayan sun ɓata mata suna da hannunsu, sai su kuma suka dawo gyara shi. A 1989 wasu 'yan kasuwa biyu na Amurka suka kafa Patrón, suka nuna cewa in kwalba ta yi kyau attajiri zai biya kowane farashi. A farkon shekarun 2000 kamfanin Riedel na Austiriya ya ƙera wa tekila kofi na musamman mai dogon wuya. A 2006, shekarar da aka haifi ekstra anyeho, aka sayar da kwalba guda ta Ley .925, wadda aka yi da farin zinariya da filatinam, a kan dala 225,000. Darasin da aka koya wa duniya shi ne, barasar talakan Meziko ba za ta zauna a teburin manya ba sai ta sa rigar konyak ɗin Faransa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Da a ce banilar nan duk daga katako take fitowa, da da sauƙi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙa'idar tekila ta yarda mai masana'anta ya ƙara abubuwa huɗu a cikin wadda aka kwantar, don ya tausasa ta: launin ƙonannen sukari, da ruwan katakon ok da aka tatso, da giliserin, da ruwan sukari. Muddin ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba, ba dole ya faɗa wa kowa, kuma yana da ikon buga "100% de agave" da manyan baƙaƙe. Kashi ɗaya kamar ba kome ba ne, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗigon turare ke cika ɗaki ya san ƙarfin abin da aka tace. Launin yana sa ruwan wata goma sha biyu ya yi duhun na shekara biyar. Giliserin yana ba shi kauri a baki, shi ne kuma ke sa ruwan ya riƙa gangarowa a hankali a jikin kofi, abin nan da malaminmu na farko ya tsaya yana kallo da girmamawa. Ruwan sukari yana rufe ɗacin ɗanyen agabe. Ban ce kowace kwalba haka take ba, ban kuma ɗora wa wani kamfani laifi ba, domin ai doka ce ta halatta. Abin da na ce shi ne, mai ɗanɗanon da ya lumshe ido yana yabon haƙurin shekaru ba shi da hanyar sanin ko haƙuri yake sha ko dabarar ɗakin gwaji.

Wasu sun yi ƙoƙarin warware wannan. A 2020 masu dandalin Tequila Matchmaker suka fara zuwa masana'antu, da yardar masu su, suna bincike suna fitar da jerin waɗanda ba sa ƙara kome. Masu sha suka yi maraba. Hukumar kula da tekila, wadda aka kafa a 1994 kuma ake kira CRT a taƙaice, ba ta yi ba. Ta tsaya kai da fata cewa ita kaɗai ke da ikon shaidar abin da ke cikin kwalba, kuma faɗin cewa wannan ba ta da ƙari yana jefa shakka a kan sauran. Zuwa 2024 rigimar ta yi tsanani har gidaje da yawa suka daina furta kalmar. Jama'a, ku duba wannan lamari da kyau. Wanda ya zuba sukari ya yi shiru, doka na bayansa. Wanda bai zuba ba ya ce bai zuba ba, shi ne mai tada fitina.

Daɗin daɗawa, sai ga wata sabuwa da ake kira kristalino, wadda ta yi tashe tun farkon shekarun 2010. Ana ɗaukar tsohuwar tekila da ta sha launi a ganga, a bi da ita ta cikin gawayi har launin ya fita, ta dawo fara kamar yadda ta shiga. Gawayin ba ya zaɓe, yana tafiya da wani ɓangare na ƙamshin ma. A biya kuɗin rini, a biya kuɗin wanke rinin, a sayar maka da farin da ya fi na asali tsada. A nan ni dai na rasa ta cewa.

Ganga tana da wani amfani kuma, wanda ba a faɗa a wurin lacca. Sa'ad da kasuwa ta buɗe baki, masana'antu suka ga shekara bakwai ta yi musu nisa, kwana biyu a tanderu ma ya yi musu yawa. Sai wasu manyansu suka kawo wata na'ura, difuza, mai tsawo kamar taragon jirgin ƙasa, wadda ke yayyanka ɗanyen agabe ta wanke zaƙinsa da ruwan zafi, daga baya a dafa ruwan, wani lokaci da taimakon asid. Tana tatso kusan duk abin da ke cikin tsiron, kuma ba ruwanta da ko ya nuna. Abin da ke fitowa barasa ce mai tsabta wadda ba ta da wani hali nata. In an sayar da ita fara, mai harshe zai gane. In an kwantar da ita a ganga, aka ɗan taimaka mata da kashi ɗayan nan, shi ke nan, ta shiga sahun manya. Ita ma difuza ba a rubuta ta a jikin kwalba.

To wa ke karɓar kuɗin? Tun 1974 Meziko ta kafa dokar asali, cewa ba a kiran barasa tekila sai an yi ta a Halisko ko a wasu gundumomi na jihohi huɗu, gundumomi 181 gaba ɗaya. An ce an yi haka ne don a kare dukiyar ƙasa. Ƙasar dai ta tsaya inda take, tun da ba ta ɗaukuwa, amma sunayen sun yi hijira. Brown-Forman na Amurka ya sayi Herradura a 2007. Sauza ta faɗa hannun Suntory na Japan a 2014. Diageo na Landan ya mallaki Don Julio gaba ɗaya a 2015, sa'an nan a 2017 ya sayi Casamigos, wadda ɗan wasan fim George Clooney da abokansa suka kafa shekara huɗu kacal kafin nan, a kan kuɗin da aka ce za su iya kai dala biliyan 1. A 2018 Bacardi ya karɓi Patrón a cinikin da ya yi mata ƙimar dala biliyan 5.1. Cikin manyan, Cuervo ce ta rage a hannun 'yan ƙasa. Shekara huɗu, ka lura, ba su isa agabe guda ya nuna ba, amma sun isa suna ya kai biliyan.

Shi kuwa manomi, rayuwarsa lilo ce. Da yake tsiron sai ya shekara bakwai, kowa yakan dasa lokacin da farashi ya hau, kowa kuma ya girbe lokaci guda, farashi ya faɗi. Wajen shekarar 2000 cuta da ƙarancin dashe sun sa agabe ya yi tsada ƙwarai. Zuwa 2007 kilo bai kai peso guda ba, har wasu manoma suka cinna wa gonakinsu wuta suka koma shuka masara. Wajen 2020 kilo ya kai kusan peso 30, kowa da kowa ya ruga dashe. A 2024 ya faɗo ƙasa da peso 5, wasu wuraren har 2. Manyan kamfanoni sun koyi yin gonakinsu ko su yi hayar ƙasa, don haka in lilon ya dawo ƙasa, ƙaramin manomi ne ke rasa mai saye, sai ya bi ta hannun 'yan baranda, waɗanda a can ake kira da sunan wani karen jeji mai kama da dila. Wata malamar jami'a a Amurka, Sarah Bowen, ta yi littafi a 2015 mai suna Divided Spirits inda ta nuna yadda dokar asalin ta kare masu masana'antu ta bar manoma a rana. Mu koma ga lissafi. Kwalba guda tana cin wajen kilo 5 na agabe. A farashin 2024 kuɗinsu bai kai dala 2 ba. Ko a ganiyar tsada bai wuce dala 8 ba. Daga cikin wannan ne za a fitar da na mai gona, da na dillali, da na mai mota, da na himador. Kwalbar kuwa, in tsohuwa ce mai suna, dala 100 ko fiye ake biya a kantin Amurka, inda kusan huɗu cikin biyar na tekilar da ake fitarwa ke zuwa.

Tsiron kansa ma bai tsira ba. Agabe sau ɗaya yake fure a rayuwarsa: ya fitar da dogon kara, ya ƙarar da zaƙinsa a kai, ya mutu. Don haka manomi ba ya barinsa, da karan ya leƙo sai ya datse. Ana yaɗa shi ne ta hanyar 'ya'yan da ke tsirowa a gindinsa, kamar yadda ake yi wa ayaba, watau miliyoyin tsirran da suka rufe tuddan Halisko kusan jini ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya ta sami hanyar kama duka, kamar yadda aka gani a ƙarshen shekarun 1990. Jemagen da ke shan ruwan furen da dare yana haɗa iri, ya zo ya tarar ba fure. Wani masanin jemagu na babbar jami'ar Meziko, Rodrigo Medellín, ya roƙi gidaje su bar kashi 5 cikin 100 na tsirransu su yi fure. Kaɗan ne suka amsa. Ga kuma gurɓataccen ruwan da ke saura bayan dahuwa, lita 10 ko fiye a kan kowace lita ta tekila, wanda in ba a gyara shi ba yake kashe rafi. Hukumar UNESCO ta sa wannan shimfiɗar gonaki cikin kayan tarihin duniya a 2006, masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto.

Za a ce mini na yi zafi. Za a ce tsohuwar tekila ta kawo wa Meziko kuɗin waje da ayyukan yi, ta kuma ɗaga darajar abin da dā ake rainawa. Gaskiya ne ta kawo kuɗi, tambayata ita ce aljihun wa suka shiga. Za a kuma ce akwai gidajen da ke kwantar da tekila da amana, masu jiran agabe ya nuna, su dafa shi a bulo, su zaɓi tsohuwar gangar da ƙarfinta ya ragu don kada katako ya danne tsiro. Lalle akwai su, kuma aikinsu fasaha ce ta gaske wadda ban raina ba. Amma su ne wannan tsari ya fi cuta, domin a kan kanta ɗaya ake jera su da masu difuza da ruwan sukari, da kalma ɗaya a goshi, kuma harshen da aka saba wa zaƙi in ya kurɓi tasu sai ya ce ta yi kaushi. Masu sha na ƙwarai sun san haka, shi ya sa in suna son auna gida sukan fara da farar tekilarsa kafin su taɓa tsohuwar, in ba su ji agabe a ta farko ba, ba su ɓata lokaci a kan ta biyu. Sukan kuma duba wata lamba mai alƙaluma huɗu da ke bayan kowace kwalba, wadda ke nuna masana'antar da ta yi ta. Masana'antun ba su wuce 200 da 'yan kai ba, sunayen da ke kasuwa kuwa sun haura 2,000. Sau da yawa kwalbar tauraron fim da wata mai arha da ke can ƙasan kanta, lambarsu ɗaya.

Abin da ya kamata a nema bai fi layi uku a jikin kwalba ba: shekarun agaben da aka sare, da yadda aka dafa shi, da abin da aka ƙara. Takardar da ta sami wurin hoton himador da tarihin kakan mai kamfani ba za ta rasa wurin waɗannan ba. Masu masana'antu za su ce kasuwa ba ta tambaya ba. Kasuwar kuwa ita ce mutumin nan mai kwat da kofuna huɗu, wanda aka koya wa ya tambayi shekarun ganga kaɗai. A ƙarshen 2023, bisa ƙididdigar hukumar CRT kanta, akwai lita miliyan 525 na tekila jibge a tankuna da ganguna ba a sayar ba, kusan abin da ake yi a shekara guda cur. Wadda ke cikin ganga ba ta da asara sai ɗan abin da iska ke sha, kullum ta kwana matsayinta hawa yake yi, yau reposado, baɗi anyeho. Agaben da manoma suka dasa da bashi a 2020, lokacin da kilo ke peso 30, shi ma yana can yana ƙara shekaru a gona, sai dai shi in ya wuce lokacinsa ruɓewa yake yi.